Shitu Mai Mazarƙwaila da Lambar Gwangwani

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Tsiga zuwa Bakori da rani a waɗancan shekaru, hancinsa ya san Shitu ko da idonsa bai san shi ba. Tun daga bakin titi ƙanshin ruwan rake mai tafasa yake tare mutum. In ka bi shi, ba zai kai ka ko'ina ba sai fadamar Unguwar Maitama, gindin wata tsohuwar tsamiya, inda wani gajeren mutum mai faɗin kafaɗa yake tsaye a bakin tukunya da dogon ludayi, yana faɗa. Kullum cikin faɗa yake. In bai yi da masu tura wuta ba, ya yi da dokin da ke juya injin matse rake, in dokin ya yi daidai sai ya koma kan kumfa.

Mazarƙwaila gadon gidansu ce. Ga wanda bai taɓa gani ba, aikin ba ɓoyayye ba ne: a sare rake, a tura shi a inji doki na zagayawa, ruwan ya tsiyaya a garwa, a juye a babbar tukunyar ƙarfe, a hura mata wuta da busasshiyar tuƙar rake, a yi ta kwashe kumfa har ruwan ya yi kauri, sannan a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Wannan kowa na iyawa. Inda ake gane gwani shi ne sanin lokacin saukewa. In ka yi gaggawa ta ƙi daskarewa, in ka yi nawa ta ƙone ta yi ɗaci. Wasu zaren da ke bin ludayi suke kallo, wasu su ɗiga a ruwan sanyi su murza. Shi Shitu harshensa ya yarda da shi. Zai tsoma yatsa a ruwa, ya dangwalo bakin ludayi, ya kai baki, ya lumshe ido. In ya ce a sauke, to, a sauke. Tun hantsi har faɗuwar rana haka yake yi, tukunya bayan tukunya, kuma kowace tukunya sai ya ɗanɗana ta ya sake ɗanɗanawa.

Taurin kai kuwa, Allah ya ba shi nasa ya ƙara masa da na wasu. Lokacin da kuɗin fetur suka shigo ƙasa, sukarin kwali ya cika kantuna, har masu shayi na ƙauye suka fara ɗaga wa mazarƙwaila hanci, abokan sana'arsa da yawa sun sayar da dawakansu sun koma noman masara da auduga. Suka ba shi shawara shi ma ya bi. Ya ce su gaishe da masarar. Shekarar da fari ya busar da fadama, ƙasa ta tsattsage, shi da ƙanensa Manu suka haƙa rijiya a tsakiyar gona, suna ɗebo ruwa da guga don kawai irin rake kada ya mutu. Mutane suka ce ya zare. Da ruwa ya dawo, waɗanda suka yi masa dariyar su ne suka zo roƙon iri, ya ba su, amma sai da kowa ya sha baƙar magana tukuna. Haka yake. Hannunsa a sake, bakinsa kuma ba linzami.

Matarsa Tasalla ce ta fara lura da ciwon. Ta ga randar tsakar gida ba ta kai yamma, ta ga rigunansa sun fara yi masa yawa, sannan ta ga tururuwa na taruwa a inda yake tsugunawa bayan ɗaki. Ta yi magana, ya ce tururuwa ma ta san gidan mai zaƙi. Sai da ya yanke jiki ya faɗi wata rana a bakin inji, dokin ya kusa taka shi, sannan aka samu aka cusa shi a mota aka yi asibitin Funtuwa da shi.

Likita ya ce ciwon suga ne. Ya rubuta ƙwayoyi, ya ce a rage tuwo, a bar zaƙi gaba ɗaya. Da ya tambayi sana'ar mara lafiya aka gaya masa, sai ya ajiye biro ya dubi Shitu, ya ce in dai yana son idonsa da ƙafafunsa, to ya bar bakin tukunya.

"Likita," in ji Shitu, "kai ma ka bar asibiti mana, ai na ga cuta ta yi yawa a nan."

Babban ɗansa Aƙilu akawu ne a injin gurzar auduga na Funtuwa. Shitu ba ya faɗin sunansa, kunyar ɗan fari, sai dai ya ce Akawu, in kuma ransa a ɓace yake ya ce "mai biro". Yaron yana son ubansa, kuma ya san gardama da shi ɓata yawu ne. Don haka ya nemi wata hanya. A shekarar da aka ba Katsina jiharta, maigidansa a wurin aiki ya tafi Turai, Aƙilu ya roƙe shi ya sayo masa na'urar auna suga. Abu ne da a lokacin ko a birni ba kowa ya taɓa gani ba. Ɗan akwati ne da bai fi tafin hannu biyu ba, da 'yar taga inda lambobi ke fitowa, da wani ɗan gwangwani mai murfi cike da siraran tsinkaye na roba. A huda yatsa da allura, a ɗiga jini a bakin tsinke, a ɗan jira, a goge da auduga, a tura tsinken cikin akwati, sai ya faɗi yawan sugan da ke jinin mutum.

Aƙilu ya zo da shi wata Juma'a, ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya kira kawunsa Manu ya zama shaida. Tasalla tana tsaye a bayan ƙofa tana ji. Ya duba takardar Turancin da ta zo da akwatin, ya ga inda aka ce lambar da ke jikin gwangwani sai ta yi daidai da wadda ke cikin na'ura. A jikin gwangwanin bakwai aka rubuta. Ya danna maɓalli har bakwai ta fito a taga.

"Baba, wannan lambar kar a bari kowa ya taɓa ta."

"To. Sai me?"

"Sai mu yi alkawari. Likita ya ce ka bar tukunya, kai ka ce lafiyarka lau. Ga mai raba gardama. Duk Juma'a bayan masallaci za a auna. In dai bai kai ɗari biyu ba, ba mai sake yi maka maganar tukunya, ni da Inna duka. Ran da ya wuce kuwa, ka miƙa ma Kawu ludayi."

Shitu ya dubi akwatin sama da ƙasa kamar yana taya doki. Ya ce abin da bai kai girman kwanon mazarƙwaila ba shi ne zai kore shi daga inda ubansa ya tsaya? Aƙilu ya ce in yana tsoro a bari. Wannan kalmar ce ta gama aiki. Shitu ya ɗaga yatsa sama ya rantse da Allah, a gaban ƙanensa da ɗansa, cewa ran da akwatin nan ya wuce ɗari biyu, a ranar zai ajiye ludayi, ba zai kwana da shi ba. Aka huda, aka ɗiga, aka goge. Ɗari da tamanin. Lokacin damina ne, ba a fara matsar rake ba, yana kuma shan ƙwayoyinsa don Tasalla ta sa masa ido. Ya tashi ya kaɗe riga ya ce a gaida likita.

Kafin rake ya nuna, tsinkayen gwangwanin suka ƙare. Aƙilu ya ji labarin ana samun irinsu a kemis ɗin Fidelis da ke kusa da tashar mota, ya ce zai riƙa sayowa. Shitu ya ce ba ya so, ai shi ma yana shiga Funtuwa kai kaya, kuma bai tsufan da za a riƙa sayo masa allura da tsinke ba.

Fidelis haifaffen Funtuwa ne, iyayensa daga kudu suka zo, Hausa a bakinsa kamar ta kowa. Mutum ne mai sauƙin kai da son kyautata wa mai saye. Ya kuma san mutanen garinsu: ba mai sayen kwalin abu in ana sayar da ƙwaya. Sigari kara-kara ake saye, sukari ƙwaya-ƙwaya, maganin ciwon kai ma sai a ce a ba ni biyu. To don me tsinken auna suga zai fita daban? In gwangwani ya zo masa daga Legas sai ya fasa, ya juye a wata kwalbar alewa da ke kan kanta, ragowar na da da sababbi duk a haɗe. Mai so ya zo ya faɗi nawa yake so, a naɗe masa a guntun jarida. Shitu ya ga wannan tsari ya yi masa daidai da hankali. In ya dawo gida sai ya warware jaridar ya zuba a tsohon gwangwaninsa, ya rufe, ya ajiye a kan taga. Kowace Juma'a Aƙilu zai ɗaga gwangwani ya ga bakwai, ya dubi akwati ya ga bakwai, ya gyaɗa kai. Shi ma takardar nan bai karanta ta har ƙarshe ba, kuma bai taɓa tambayar kansa yadda aka yi gwangwani ɗaya ya ƙi ƙarewa ba.

Aka shiga matsa, wuta ta kama a fadama, Shitu ya koma bakin tukunya da yatsansa. Abin mamaki, akwati sai ƙara sauka yake yi. Ɗari da sittin. Ɗari da arba'in. Zauren gidan ya zama wurin kallo. Ana saukowa daga masallaci maza za su biyo shi, a cika tabarma, wasu a tsaye a ƙofa. Shi kuwa ya miƙa yatsa kamar mai karɓar gaisuwa, in lamba ta fito ya sa Aƙilu ya faɗa da ƙarfi don na waje su ji.

"Mai biro, sake faɗi, kurame ne a baya. Nawa ka ce?"

"Ɗari da arba'in, Baba."

"To ka rubuta ma likitanka, ka ce ashe mazarƙwaila magani ce."

A yi ta dariya. Aƙilu ya naɗe kayansa ya koma Funtuwa cikin ruɗani, Tasalla kuwa ta yi shiru don alkawari ya ɗaure bakinta. Amma ita ke cika randa, ta san abin da ta sani.

Shitu ma ya sani, maganar gaskiya. Jiki ba ya ɓoye wa mai shi. Ƙishirwa ta dawo fiye da da. In ya dubi bakin fadama sai ya ga itatuwa sun haɗe da juna. Wata rana ruwan rake mai tafasa ya fallatsa masa a kan ƙafa, ƙuna irin wadda a da ko kallonta ba ya yi, sai ga ta ta ƙi warkewa, ta yi baki, tana ruwa. Ya ɗaure ta da tsumma ya sa takalmi ya rufe. In zuciyarsa ta fara raya masa wani abu, sai ya ce ai akwati ya fi shi sani, ba shi ya kawo shi ba, su suka kawo. Ya sami abin da zai fake a bayansa, kuma ya ji daɗin fakewar.

Ranar wata kasuwar Funtuwa ya sauke kayansa a rumfar Alhaja Afusat, sannan ya wuce kemis. Ita Alhaja 'yar Ogbomosho ce, tun tana amarya aka kawo ta Funtuwa, ta tsufa a nan. Shekara da shekaru ita ke kwashe mazarƙwailarsa tana lodawa a motocin kudu, kuma ita kaɗai ce a kasuwar nan ke mayar masa da baƙar magana ya haɗiye. Ita ma ciwon ya kama ta, ɗanta ya aiko mata da irin akwatinsa. Yana tsaye Fidelis na naɗe masa tsinkaye sai ga ta ta shigo tana haki. Ta ce a ba ta gwangwani wanda ba a fasa ba. Ta juya shi ta duba jikinsa, ta zaro akwatinta daga jaka, ta hau danna maɓalli.

"Alhaja, ai ba a taɓa wannan lambar," in ji Shitu. "Za ki ɓata abin."

"Wa ya gaya maka?"

"Akawu."

"To akawunku ya ci rabin karatu ya bar rabi. Malam Shitu, kowane gwangwani da lambarshi yake zuwa. Wancan da na gama tara ne, wannan sha uku. In ban gaya ma akwati na canza ba, da ma'aunin wancan zai auna wannan, ya faɗa mani shirme." Sai idonta ya kai kan jaridar da ke hannun Fidelis, ya koma kan kwalbar alewa. "Tsaya. Wannan fa? Lambarsu nawa?"

Fidelis ya sosa ƙeya ya ce ai duk kamfani ɗaya ne.

"Kamfani ɗaya! Ni da kai ma ai gari ɗaya muke, uwarmu ɗaya ce? Ka haɗa na bara da na bana, ka bar su iska na busawa, sannan ka naɗe a jarida kamar ƙosai. Fidelis, ka ji tsoron Allah." Ta juyo kan Shitu. "Tun yaushe kake auna jininka da waɗannan?"

Ta fasa sabon gwangwaninta a nan take, ta kama hannunsa ba tare da ta nemi izini ba. Da wani ne da ya fizge. Ya bar mata. Suka tsaya su uku suna kallon 'yar tagar. Ɗari uku da arba'in.

Alhaja ta yi salati a hankali. Fidelis ya fara ba da haƙuri, yana rantsuwa da duk abin da ya sani cewa bai san haka abin yake ba. Shitu bai ko dube shi ba. Abin da ya taso masa ba tsoro ne a gaba ba, kunya ce da haushi. Ya tuna zauren nan cike da maza, ya tuna kansa yana sa ɗansa ya maimaita lamba don na waje su ji. Ashe duk ranin nan wani ɗan akwati ne ke lallashinsa kamar yaron da ake so ya yi barci, shi kuma yana ta tsalle yana cewa ya kada likita.

Alhaja ta san maganar rantsuwar, don ba wanda bai sani ba. Ta rage murya ta ce, "Ni dai ba ruwana, bakina ba zai kai gidanka ba. Amma ka ji tausayin kanka."

"Ban roƙe ki ki rufa mani asiri ba," in ji shi. Ya tura wa Fidelis jaridarsa. "Ba ni wanda ba a fasa ba. Wannan kwalbar kuma ka juye ta a masai kafin ka kashe wani."

Ya koma gida da gwangwanin a aljihun 'yar ciki, bai gaya wa kowa ba. Kwanakin da suka rage kafin Juma'a su ne mafi tsawo a rayuwarsa. A kan taga ga tsohon gwangwani mai lamba bakwai, da sauran tsinkaye a ciki da za su kai shi ƙarshen matsa. Ba abin da ake bukata daga gare shi sai ya yi shiru. Alhaja ba za ta faɗa ba, Fidelis kuwa ya fi kowa son a manta. Ya yi ta juya maganar. Ai rantsuwar da ya yi cewa ya yi in akwati ya wuce ɗari biyu, kuma nasa akwatin bai wuce ba. Ya gwada wannan hujja a ransa ya ji ko shi ba ta gamsar ba. A fadama faɗansa ya ƙaru, har dokin ya rasa laifin da ya yi. Yana son tukunyar nan fiye da yadda ya taɓa faɗa wa kowa, kuma bai san ko shi wane ne ba in ba a bakinta yake ba.

Ranar Juma'a zaure ya cika kamar kullum. Aƙilu ya shimfiɗa kayansa, ya miƙa hannu zai ɗauki tsohon gwangwani. Shitu ya sa ƙafa ya ture shi, ya gangara har bakin ƙofa. Ya zaro sabon ya dangwarar a kan tabarma.

"Karanta abin da ke jiki."

"Sha uku, Baba. A ina ka..."

"Danna sha uku."

Aƙilu ya dubi gwangwanin, ya dubi wanda ke ƙasa, sai fuskarsa ta canza. A nan take ya gane abin da ya faru, ya kuma gane rabonsa a ciki. Ya danna. Aka huda, aka ɗiga, aka goge. Masu kallo suna ta murmushi suna jiran abin dariyar yau. Lamba ta fito, Aƙilu ya tsura mata ido.

"Faɗi mana," in ji Shitu.

Yaron ya ɗaga kai ya dubi ubansa. Wata da watanni yana addu'ar wannan rana ta zo, ga ta ta zo, sai ya ji ba ya so. Ya ga yadda kumatun tsohon suka faɗa, ya ga mutanen da suka cika ƙofa. Ya kife akwatin a kan cinyarsa.

"Batir ne ya yi sanyi, Baba. Bai faɗi daidai ba. Mu bari sai wata Juma'ar."

Da a ce zaginsa ya yi da abin ya fi sauƙi. Shitu ya miƙe tsaye, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Kai! Ni za ka yi ma alfarma? A gaban mutane? Akwati ya yi mani ƙarya rani guda, yanzu kai ma za ka ɗora daga inda ya tsaya? Juyo shi! Juyo shi ka faɗa da ƙarfi yadda ka saba, na waje su ji!"

Aƙilu ya juyo shi. "Ɗari uku da sittin."

A bayan ƙofa aka ji Tasalla ta fashe da kuka. Wani dattijo ya fara cewa ai rantsuwa tana da kaffara, a tambayi liman. Shitu ya ce wanda ya ga ya tambaye shi fatawa ya ɗaga hannu. Ba wanda ya ɗaga.

"Ku ji da kyau, don kar gobe wani ya sauya magana. Ba likita ya kore ni ba, ba mai biro ya kama ni ba. Ni na je na sayo gwangwanin nan da ƙafata, ni na kawo shi." Ya sa takalminsa, yana ɗingishi, yau bai damu ya ɓoye ba. "Manu, taso. Akwai tukunya a wuta."

Suka bi shi har fadama, wasu a kusa wasu daga nesa. Tukunyar da aka ɗora kafin masallaci ta yi kauri, tana huci tana tsalle a hankali. Masu tura wuta suka matsa. Ya ɗauki ludayi ya juya, ya kwashe 'yar kumfar da ta rage, ya ce wannan da shi aka ɗora ta, da shi za a sauke. Ya ɗago ludayin. Hannunsa na hagu ya tafi da kansa, ya tsoma yatsa a ruwa, ya dangwalo, ya nufi baki. Saura ƙiris ya tsaya. Ya dubi yatsan na ɗan lokaci, sannan ya goge shi a jikin rigarsa ta Juma'a.

Ya miƙa wa Manu ludayin. Manu, wanda ya yi furfura a bayan yayansa bai taɓa faɗin a sauke ba, ya karɓa da hannu biyu.

"Ɗanɗana."

Manu ya ɗanɗana. Ya saci kallon fuskar Shitu yana neman amsa a can.

"Kar ka dube ni, ba a fuskata take ba. Ta yi ko ba ta yi ba?"

"Yaya, ina ganin... in kai ka ce ta yi..."

"Ni ba ni da ta cewa. Bakinka ne yanzu. In ka faɗi abin da kake zaton ina so in ji, wallahi sai na juye maka ita a ka."

Manu ya sake dangwala, ya lumshe ido. Ya daɗe. Sannan ya ce, da wata murya da shi kansa bai san yana da ita ba, "Da saura. Ku ƙara wuta."

Masu tura wuta suka dubi Shitu, don shekara da shekaru shi suke dubawa.

"Me kuke kallona?" ya daka musu tsawa. "Ba ku ji mai tukunya ya yi magana ba?"

Suka sunkuya suka tura tuƙa, wuta ta tashi. Shitu ya juya ya kama hanyar gida. Aƙilu ya biyo shi da sauri zai riƙe masa hannu, ya make hannun ya ce bai makance ba tukuna, gobe dai a samo mota da wuri, yana da ƙafar da zai nuna wa likitan nan. Suna gab da hawa tudu suka jiyo muryar Manu daga gindin tsamiya yana cewa a sauke. Tsohon ya ɗan tsaya, kafaɗarsa ta motsa kamar zai waiga. Sai ya goge fuska da bakin riga, ya ce hayaƙin tuƙar bana ya cika yaji, ya ci gaba da tafiya.